Ranar da Na Aika Ciyayya da Akushi Babu Komai

Malam Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni yanzu tsohuwa ce, amma lokacin da wannan abu ya same ni ƙuruciya ce a kaina, ina auren wani manomin rake a wani ƙauye kusa da Dandamisa, a ƙasar Makarfi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, don har lokacin maza na cika ƙofar gidan dagaci su ji abin da rediyo zai ce. Ina da 'ya'ya biyu, mace ce babba, sai ƙaninta da aka yaye ba da jimawa ba. Muna tare da surukata, makauniya, wadda muke kira Inna. Halina kuwa ɗaya ne wanda kowa ya sani: ina son a ce na ba wani, amma in ji an ce an ba ni, gara a mare ni.

Mijina ya rasu ana tsakiyar yankan rake, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Dawar da ke rumbu ta tafi wajen sadaka da ciyar da 'yan gaisuwa, gonar raken kuma dama ta aro ce, ta koma hannun mai ita. Ranar sadakar arba'in wan mijina, wanda ke kasuwanci a Ikara, ya kira ni zaure. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce zai bar mini yaran tunda Inna ta rantse ba za ta bar ɗakinta ba, amma zai dawo in damina ta yi nisa. In ya tarar ban iya riƙe su ba, zai tafi da su gidansa, don ba zai zuba ido jinin ƙaninsa ya wahala ba. Na ce masa to, kaina a sunkuye. Tun daga ranar, duk abin da na yi, tsoron rabuwa da yaran nan ne ya sa ni.

A ƙauyenmu akwai ciyayya. Kowace magariba in an sauke tuwo, kowane gida na zuba wa maƙwabtansa a akushi, a rufe da faifai a aika, su ma su aiko da nasu. Ni da gida uku nake yi, kuma ina alfahari da miyata. Da na fita takaba ruwa ya sauka sosai, rumbu ya nuna ƙasa. Na fara rage malmala, sannan na koma tsinka miya, har ta kai ranar da sai tafasa da rama kawai muka dafa. Akusan maƙwabta na shigowa, ni babu abin da zan mayar. Maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na aika 'yata ta gaya wa gidajen uku cewa na daina ciyayya, kowa ya riƙe nasa. Tunanina shi ne in an ga ina ci ba na aikawa, magana za ta fita, ta bi 'yan kasuwa har Ikara. Gida biyu suka ji haushi, suka ɗauka girman kai ne, suka janye akusansu. Da hannuna na toshe ƙofar da abinci ke shigo wa 'ya'yana da tsohuwa makauniya, kuma har gobe in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Gida na uku na malamin unguwarmu ne, matarsa kuma dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo. Ita ba ta janye ba. Ta aiko da tuwonta kamar ba ta ji saƙona ba, ta kuma ce a gaya mini ita ba ta san ana kashe ciyayya da aike ba, tana nan tana jiran akushina, kuma kada in bar ta ta kwana da yunwa. Maganar nan ta ƙona mini rai. A ranar ɗana ya yi kuka har muryarsa ta dushe, Inna kuma ta ce mini wai azumi take yi, alhali na san don ta bar wa yara rabonta ne. Cikin fushi da hawaye na ɗauko akushina, wanda ke da ɗinkin waya a gefe, na wanke shi tas, na rufe da faifai babu ko ƙwayar tuwo a ciki, na ɗora wa 'yata a ka. Nufina Gwaggo ta buɗe ta gani, ta fahimta, ta ƙyale ni.

Yarinyar ta dawo tana tafiya a hankali saboda nauyi. Ta ce Gwaggo ba ta buɗe faifan a tsakar gida ba, inda surukanta da jikoki ke zaune. Ɗaki ta shiga da shi ita kaɗai, ta jima, sannan ta fito tana suɗe yatsa. A gaban kowa ta ce da yarinyar:

"Ki ce wa uwarki miya ta yi daɗi, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa. Gobe ta aiko mini da akusan nan duka uku."

Na zauna a bakin murhu na yi kuka, ina kukan ina dariya. Inna ta laluba ta kama hannuna, ta ce in yi abin da aka ce. Washegari na aika akusa uku a rufe, duk babu komai. Gwaggo ta shiga ɗaki da su, ta cika biyu daga tukunyarta, ta ce da 'yata ta kai wa waɗancan gidajen ta ce in ji mahaifiyarta. Matan suka ga akushina ya dawo, fushi ya wuce, nasu ma ya ci gaba da shigowa. Haka muka ci gaba har gero ya fara fitar da kai. Kullum kuma sai Gwaggo ta aiko da wani tsegumi, yau ta ce yaji ya yi kaɗan, gobe ta ce tuwon ya yi gudaji, in riƙa tuƙawa da kyau.

Ana cikin haka wan mijina ya iso daga Ikara a kan kekensa. Ya yi sallar magariba a masallacin unguwa, ya zauna inda maza ke haɗuwa su ci tuwo, sai ya ga an fito musu da tuwo daga gidan malam a akushi mai ɗinkin waya, wanda ya sani tun mahaifinsu na da rai. Aka ce masa ai daga gidan ƙaninsa ne, kullum sai ya fito. Da safe ya kira ni zaure yana murmushi, ya ce ya ga abin da ya gani, ashe har ina ciyar da wasu, saboda haka ba shi da abin cewa. Malam Edita, da na yi shiru a nan, shi ke nan na tsira da yarana. Amma na ji ba zan iya riƙe su a kan abin da ba haka yake ba, ga shi kuma kakarsu na ji daga ɗaki. Na gaya masa komai: rumbu ya ƙare tuntuni, akushin nan fita yake yi babu komai, tuwon da ya ci daren jiya na Gwaggo ne. Na gama na jira ya ce in haɗa musu kaya.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya share ido da bakin rawaninsa ya ce:

"Ni a Ikara ina da hatsi, amma ba ni da maƙwabtan da za a aika musu akushi babu komai su ce gishiri ya yi yawa. Bar yaran nan inda suke."

Kafin mako ya zagayo ya aiko da buhun dawa a kan jaki, ya kuma yi magana da malam, aka tara samari suka yi gayya a gonar gidanmu. Ranar da na tuƙa tuwon farko na cika akushin Gwaggo har faifai ya ƙi zama. Ta aiko cewa yau kam gishiri ya yi daidai.

Sai daga baya na san ba ni ce ta farko ba. Gwaggo da wasu dattijai mata sun daɗe suna ware tafin hannu guda daga kowane awo, su tara a wata tukunya a ɗakinta saboda gidajen marayu da tsofaffin da ba su da kowa, kuma ba su taɓa kiran abin sadaka ba. Nan na tuna wata tsohuwa mai zaman kaɗaici da muka taɓa ciyayya da ita ina amarya, wadda nake mamakin yadda miyarta ke ƙamshin daddawar gidan malam. Na shiga cikinsu, har matar ma'aikacin ɗakin shan magani, Kirista daga kudancin Zariya, ta shigo da tata accar. Da Gwaggo ta rasu, tukunyar ta dawo ɗakina. 'Ya'yana sun girma a gabana, Inna kuma a hannuna ta cika.

Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana mata shi ne, in rana ta juya miki, kada kunya ta sa ki rufe ƙofa ki ce kowa ya riƙe nasa, don wahalar ba a kanki kaɗai take ƙarewa ba. Ni saura kaɗan in rasa 'ya'yana ta hanyar da na ɗauka ita ce za ta tsare mini su. Masu taimako kuma ina roƙonku, ku duba yadda kuke bayarwa. Yanzu ina ganin ana tara mabukata a fili, a jera su a rana kowa na kallo kafin a miƙa musu mudu guda, kuma na san akwai irina da yawa da za su gwammace su kwana da yunwa da su tsaya a layin nan. Akushi mai ɗinkin waya yana nan a ɗakina. Har yau in aka kawo mini kwano a rufe na ji shi sakayau a hannu, ba na buɗewa a tsakar gida. Ɗaki nake shiga da shi, in fito in ce a gaya wa mai shi gishiri ya ɗan yi yawa.