Ranar da Kujera Ta Kusa Raba Ni da Aiki

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da kwamitin tantance ma'aikata ya kira ni ba. A 1999 ne, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina masinja a wata ma'aikata a GRA. Ku yaran yanzu da waya ta sangarta, masinja shi ne mai kai fayil daga ofis zuwa ofis, shi ne kuma mai shan faɗa in fayil ya ɓata.

Zamanin soja da tsawa ake Turanci, ko kalma ta wuce ka murya ba ta wuce ka. Da farar hula suka zauna, sai aka ce a ma'aikatarmu duk masinjan da ba ya jin umarni da Turanci za a sallame shi, a ɗauki mai takardar sakandare. Ni kuwa a aji huɗu muka rabu da boko cikin mutunci, ba wanda ya riƙe wani. Ga iyali cike da gida.

Sai na fara zuwa zauren Malam Iliya a unguwar Gobarau bayan la'asar, tsohon malamin makaranta ne. Shi ya tona mini asirin Bature, ashe marowaci ne. Kalmar aiki guda zai samu, maimakon ya nemo wata sai ya riƙa canza mata wutsiya. "Get up" ka tashi, "get in" ka shiga. "Get out" kuwa, wannan tun zamanin soja na haddace shi. Na tambayi Malam shin ma'anar a jiki take ko a wutsiya. Ya ce in na raba su duk sun mutu, tare ake haddace su. Na duƙufa, har akuyar gidanmu sai da ta gaji da "go away".

Ga yadda tsarin yake. Mutum shi kaɗai ake kira, jami'i ya ba shi umarni da Turanci, shi kuma ya aikata. Ba nuni da hannu, kuma wanda ake gwadawa ba ya yin Hausa. Jami'in shi ne Malam Sanusi, matashi mai kirki, baƙo a garin. Abin da ban sani ba shi ne wanda aka naɗa shugaban kwamiti: Alhaji Barau, tsohon babban sakatare, aminin mahaifina, wanda muke kira Baba Alhaji. Tun ban san dama da hagu ba a durƙushe nake gaida shi.

Na ji "come in", na shiga, na tuɓe takalmi, na zube a ƙasa. Sanusi ya ce, "Sit down."

Wallahi na ji shi sarai. Ga kujera nan, amma daura take da ta Baba Alhaji, tsawonsu ɗaya. Kaina ya ce hau, gwiwoyina suka ce ba da su ba. Sanusi ya maimaita a hankali, kamar mai lallashin kurma. Ina nan durƙushe, ga bayani a bakina amma da Hausa yake. Ya girgiza kai ya ɗauki biro. A lokacin nan na ga tukunyar gidana tana hucewa.

Baba Alhaji ya dube ni, ya dubi kujera. Sai ya yunƙura ya tashi, ya ce, "Malam Sanusi, dakata da rubutun nan, sake gwada shi. Bari in sabunta alwala."

Hantsi ne fa, azahar ko alamarta babu. Ƙofa na rufuwa na ɗare kujera kamar gadon ubana. Daga nan sai ruwan wutsiyoyi: na ɗauki fayil, na ajiye, na kunna fanka, na kashe. Na yi tuntuɓe a guda, na gyara. Da ya ce "get out" yana dariya, na fita da gwanintar tsohon hannu. Sunana ya fito cikin waɗanda aka bari.

A waje na iske Baba Alhaji zaune a inuwar bishiyar bedi, hannuwansa a bushe ƙamas. Na durƙusa zan yi godiya, ya tare ni: "Ɗanjuma, da ka hau kujerar nan ina zaune, da ka ci jarrabawa, amma da yamma sai ka yi wa tsohonka bayani."

Na ce, "Ranka shi daɗe, shi ya sa na zaɓi kora."

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Turanci ana samun sa a zaure, ko da ƙwaƙwalwa irin tawa. Amma babba wanda ya san lokacin da zai bar ɗaki don na ƙasa ya ci abinci, shi ba a zaure ake koyar da shi ba. To, kai da ka miƙe ƙafa kana saurare, tashi ka ba ni kujerar nan, gwiwoyin sun gama aikinsu.