Alkawarin Kawu a Bakin Ruwan Lungi

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Gwammaja a Kano, ni da kawuna, za mu Saliyo ɗauko ƙanensa, ɗan kasuwar goro da yaƙi ya rutsa da shi a Firitawun, ga ciwo ya kwantar da shi. A mota muka tafi, don Kawu ba ya hawa jirgin sama. Tun yana saurayi ya yi wa kakarmu alkawarin haka, ta kuma rasu ba ta warware masa ba. Ko aikin hajji ta ƙasa ya je.

Nijar, Burkina, Mali, Gini, duk a zaune muka ratsa su har ƙafafuna suka kumbura. Shinkafa da miyar ganyen rogo kuwa na ci har na daina tambayar me aka dafa. Muna shiga Saliyo raha ta ƙare. Shinge bayan shinge, gidaje a ƙone, masu bindiga suna leƙa mota kamar masu zaɓen rago.

Da muka isa garin Lungi, ruwa ne tsakaninmu da birnin Firitawun. Aka ce hanyar mota tana hannun 'yan tawaye, jirgin fito ya lalace, kwalekwale kuma an hana. Abu ɗaya ya rage, yana kwance a kan yashi, baƙar roba zagaye da gindinsa, da manyan fankoki a bayansa, kowacce ta fi ƙofar zaurenmu.

Kawu ya tambayi wani dattijo Bahaushe mazaunin garin: "Malam, wannan tashi yake ko iyo?"

"Alhaji, iska yake hurawa ƙarƙashinsa ya ɗan ɗaga. Ba ya zama a kan ruwa, ba ya kuma iya yin sama."

Wani fasinja ya ce duk abin da ya rabu da ƙasa jirgin sama ne. Wani ya ce to abin ya haye bishiyar can mu gani. Tsoro ya kama ni kada Kawu ya ce in tafi ni kaɗai, ga shi ban san garin ba, ban jin yarensu. Can ya yi alwala, ya yi raka'a biyu, ya riga ni shiga. Da robar ta kumbura muka ji an ɗaga mu, sai ya runtse ido, bai buɗe ba har muka sauka.

Mun sami ƙanen nasa a rame, amma da ransa. A cikin abin nan muka sake ƙetarowa da shi.

Tafiyar ta koya mini cewa ba kowace gardama ce mai daɗin zaure ba, wani da ita yake kwana. Da muka dawo, maƙwabta suka ba Kawu shawarar ya je unguwar Kabara ya tambayi malaminsa. Ya ƙi.

"In ya ce jirgin sama ne, na saɓa wa Inna," in ji shi. "In ya ce ba shi ba ne, zan ce lallashina yake. Ita ta haife mu mu biyu. In mun haɗu na yi mata bayani."