Na Yafe Maka, Sanusi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina kan keken ɗinki a shagona na unguwar Dapoya, nan Wagadugu, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Ɗan sanda ne daga garin Bobo, yana tambaya da Faransanci ko ni ce yayar Sanusi. Ya ce an tarar da shi a ɗakin masauki, zaune ya jingina da bango, jakarsa a ɗaure, takalmi a ƙafa, tikitin dawowa a aljihu. Babu rauni, ba a taɓa ƙofa ba. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, abin da ya tsayar da ita kuwa har yau ba wanda ya iya gaya mana. Na ce masa ya yi kuskuren lamba, na kashe wayar, na ci gaba da ɗinki. Sai da na ƙarasa hannun riga sannan na ɗauki wayar na kira lambar.

Sanusi shi ne autanmu, shekararsa ashirin da shida. Gyaran waya yake yi a bakin titin Zongo, amma ƙafarsa ba ta san zama ba. Da ya samu kwana uku sai ka ji shi a Banfora ko Yamai, ba fatauci ba, ganin gari kawai. In na yi masa faɗa sai ya ce, "Yaya, duniya ba a Zongo ta ƙare ba." Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Ko mangwaro huɗu ne sai ya ajiye gaban mahaifiyarmu, Inna, ya zauna ya ba ta labarin hanya har ta gaji ta kore shi.

Kakanmu, wanda ya zo daga Kano da fataucin tufafi, ya kafa mana al'ada: ba mai kama hanya sai ya bi ɗaki-ɗaki ya nemi gafara. Duk mun watsar, Sanusi kaɗai ya riƙe. Da waya ta zo sai ya koma aiko saƙon murya a guruf ɗin gida: "Na kama hanya. Wanda na ɓata wa ya yafe mini. Rai ba a hannunmu yake ba. In ba mu sake ganawa ba, Allah ya haɗa mu a Aljanna." Mukan tsokane shi cewa ko unguwar Tampouy ta nan cikin gari zai je sai ya bar wasiyya.

Saƙon nan ne wani daga cikinmu ya tura waje, Allah ya san nufinsa. Kafin gawa ta iso Wagadugu, muryar ƙanena ta zagaya intanet. Mutanen da ba su taɓa gaisawa da shi ba suka zauna suka yi masa shari'a. Wasu suka ce guba aka ba shi, wasu suka ce mace ce. Mafi yawa suka ce ga hujja ƙarara, yaro ya yi bankwana ya kashe kansa. Na karanta, raina ya ɓaci, kuma ban yafe wa masu wannan rubutu ba tukuna.

Ranar uku wata mai ta'aziyya ta kawo wa Inna maganar har kan tabarma. Inna ta ajiye carbi, ta kira ni ɗaki.

"Hadiza, gaya mini gaskiya. Da hannunsa ya yi?"

"Inna, saƙon murya ne, vocal ɗin da ya saba."

"Ni ban san vocal ba. Ni dai ɗaki yake shigowa ya durƙusa."

Na ɗauko wayata na koma baya. Na kunna mata na tafiyar Banfora, na Yamai, na bara, na bara waccan, ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin ba su canza ba, a wani ma ana jin dariyarsa don kwandasta na kiransa. Inna ta saurara har na ƙarshe, ta ce, "Ashe sallamar kakansa ce." A lokacin ne ta yi kuka, kuma a ranar ta fara cin abinci.

Abin da ban nuna mata ba shi ne ƙasan saƙon ƙarshe. Kowa na gidan ya amsa masa. Ni na ga ya shigo, hannuna na kan ɗinkin biki, na ce zan amsa an jima.

Na yafe maka, Sanusi, duniya da lahira, kai ma ka yafe wa yayarka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa wannan tafiya ta fi duk waɗanda ka yi kyawun masauki. Allah ya ba Inna haƙuri, ya kare sunanka daga bakin da bai san ka ba, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.