Auta, Mai Ƙona Tokar Salansa

Da hantsin Laraba, sha biyu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran ƙanina, wanda duk layin gareji ke kira Auta. Ya durƙusa zai jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyarin wata motar burodi, sai ya ce kansa na sarawa. Kafin mu kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Auta, ni na fara damƙa maka sifana. A garejin mahaifinmu na koya maka kwance injin, kana biye da ni kana tambaya har in gaji in kore ka. Da motocin dizal na zamani suka shigo, masu matata a cikin salansa da ke tare baƙin hayaƙi, ni na raina su, kai kuwa ka tafi ka koyo su. Ka dawo da wata na'ura mai allo, ba ta fi faranti girma ba, ka buɗe rumfarka a jikin tawa. Tun daga lokacin nake kishinka, kuma ka sani, domin fuskata ba ta iya ɓoye komai.

Ba zan manta direban motar marasa lafiya ba, mutumin da ya yi shekaru ba ya kai motarsa ko'ina sai wurina. Ya zo hankali a tashe, fitilar gargaɗi ta kama, motar ta ƙi gudu ko ya taka totur har ƙasa, ga majinyaciya tana jiran a ɗauke ta zuwa babban asibiti. Matatar ce ta cika da toka. Ni dabarata ɗaya: a yanke salansa, a farfasa matatar a zubar. Har na jawo wutar walda sai ga ka a bakin rumfa.

"Yaya, ara min motar kaɗan," ka ce.

Ka duba baƙin mai, ka tabbata akwai dizal isasshe a tanki. Ka fitar da motar fili, ka sa aka janye tsummokara da jarkoki daga bayanta. Ka bar injin ya yi zafi, ka ja birkin hannu, ka cire giya, sannan ka jona na'urar ka karanta yawan tokar da ta taru. Da ka danna, injin ya ɗaga murya da kansa ba wanda ya taɓa totur. Salansa ta yi zafin da ba a kusantarta, wari ya cika layin, direba ya zabura zai kashe mota, ka dafa kafaɗarsa ka ce ya bari wutar da ke cikin matatar ta gama cin tokar. Muna tsaye lambobin allon suna sauka har fitilar ta mutu. Da zai tafi ka ce masa, "Yaya ne ya gano ciwon, ni na danna kawai." Bai yarda ba, ni ma ban yarda ba. Daga ranar wurinka yake tsayawa, ni sai ɗaga hannu.

Na yi kishin wannan na'ura, na yi kishin natsuwarka fiye da ita. Wani mai tipa ya taɓa zazzaga maka rashin mutunci don ka ƙi ƙona matatarsa, ka ce ta cika fiye da kima, in aka matsa za ta narke ko motar ta kama wuta, sai dai a kwance a wanke. Ni da na biye masa mun yi ta. Kai kujera ka miƙa masa, har ya huce ya bar motar.

Sai wata rana ka shigo rumfata lokacin da babu kowa, ka sauke labulen buhu, ka ɗora na'urar a cinyata. Ka nuna min inda ake shiga da abin da ake dubawa kafin a tayar da wuta, kana yi kamar kai ne ke neman shawarata. Ba ka taɓa gaya wa kowa cewa ka koya wa yayanka aiki ba. Na koya, amma ko wannan sutura da ka yi min sai da ta tsaya min a wuya, don na san da ni ne a matsayinka da an ji.

Ranar jana'izarka motocin dizal suka cika titi har ba wurin wucewa. Direbobi da ban taɓa gani ba suna kuka kamar yara. Ina tsaye a sahun gaba ina maka addu'a, zuciyata kuma na tambaya ko rabin waɗannan za su zo tawa. Da na shiga wurin Inna ta riƙe hannuna, sunanka ta kira.

Jiya na buɗe rumfarka, don motar burodin tana nan yadda ka bar ta. Na yi komai yadda ka nuna min, na tsaya har tokar ta ƙone, na canza baƙin mai. Mai motar ta zo, ta tayar, ta saurari injin, ta share hawaye ta ce, "Allah sarki Auta, aikinsa ba ya ba da kunya." Na so in ce mata ni na yi aikin, sai na fasa. Na ce mata haka ne.

Allah ya jiƙanka, ƙanina, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa alherin da ka yi wa mutane ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, ga matarka da 'ya'yanka, waɗanda yanzu suke wuyana, da dukan direbobin da suka rasa ka. Allah ya ba mu haƙuri, ya cire min abin da ke zuciyata kafin in tarar da kai. Amin.