Baba Tanko da Kwikwiyon Ɗari Shida

Riyal ɗari shida, da ɗan kwikwiyo mai gudawa, da sunan shekara arba'in cewa ba a taɓa cutar Baba Tanko a ciniki ba. Abin da muka kusa rasawa ke nan.

Ku mutanen unguwar Mansur kun san shi. Dillalin tumaki ne, kuma komai aka kawo masa sai ya ce, "Buɗe baki mu gani." Ranar da na je neman auren 'yarsa Rabi, ina ta ba shi labarin shagona na na'urorin sanyaya ɗaki, bai ko saurare ni ba.

"Kai, yi dariya."

Na yi. Ya leƙa bakina. "Turamen nan ba su tauna wahala ba, amma za ka yi."

Haka fa na zama surukinsa!

Da ɓarayi suka dami garkensa na bayan Muzdalifa, ya ce kare zai ajiye don gadi. Na kai shi wani shagon tsuntsaye da kyanwoyi a Rusaifa, mai shagon ya fito da ɗan kwikwiyo daga ciki. Baba ya sa tsinke ya ɗaga masa leɓe, ya ɗauke shi ya ji nauyi kamar ragon layya, ya latsa cikin.

"Ka ga ƙiba! Kiwon gida ne."

"Baba, kare ne fa, ba tunkiya ba."

"Kai ƙarfe ka sani. Yi mini shiru."

Ya biya ɗari shida, muka tafi da shi. Kwana biyu, ashe ƙibar nan tsutsar ciki ce! Amai, gudawa, ido ya faɗa. Muka koma. Mai shagon ya nuna takarda a bango, yana ce wa Baba "ammi", wato kawu da Larabci.

"Ya ammi, karanta. Abin da aka saya ba a mayarwa."

"Ni ban yi ciniki da bango ba. Da kai na yi."

Washegari Baba ya zo da tabarma da buta, ga kwikwiyo a kwali, ya zauna daura da ƙofar. Bai zagi kowa ba. Duk mai shiga sai ya gaishe shi: "Kanari za ka saya? Allah ya sa albarka. Ka dai ce a buɗe masa baki. Nawa ga shi nan." Tsakanin wannan da wancan yana ɗura wa kwikwiyon nonon akuya da cokali, da maganin likitan dabbobi.

A rana ta biyar na miƙa masa ɗari shida daga aljihuna. "Baba, don Allah mu tafi gida."

"Kai ka cuce ni? To mayar da abinka."

Rana ta tara mai shagon ya fito da kuɗi a hannu, gumi na zuba. "Halas, shi ke nan, ya ammi! Ga kuɗinka, ba ni karena."

Kwikwiyo kuwa ya miƙe, yana ta kaɗa bindi. Baba ya ɗauki tsinke, ya duba bakin a natse.

"Wane karen? Naka mai gudawa ne. Wannan lafiyayye ne, ni na yi shi. Dubu da ɗari biyu, in kana so."

Wallahi mutumin nan sai da ya dafe kai! Aka tsaya a kan ya mayar da ɗari uku, kuɗin aibi, ya kuma faɗa a gaban jama'a cewa ya san da ciwon tun farko. Ya faɗa.

A mota na ce, "Baba, kwana tara ba kasuwa. Ka rasa abin da ya fi dubu don ɗari uku."

"Kuɗi ka lissafa. Shiga Mansur ka tambaya ko an cuci Tanko."

Na yi shekaru ina wannan lissafi, kuma shi ne da riba. Shekara bakwai karen ya yi gadi, ko ɗan akuya bai sake ɓata ba. Da Baba ya rasu, karen ya ƙi abinci kwana uku, sai da na nemo tsohon cokalin nan na ɗura masa.

Abu ya zo wa Baba da aibi, ya riƙe, ya yi jinya, ya ƙi mayarwa. Allah ya karɓe shi da nasa aibin, ya sauƙaƙa masa hisabi. Amin.