Sabon Turmin Inna

Ina shiga gidan surukata a Shinkafi na tsaya cak. Babu ƙamshin ƙuliƙuli, a gidan da Inna ta yi shekaru tana matsar man gyaɗa tana sayarwa!

Ɗiyata Ummi, wadda ta ci sunan Inna, jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Bara ta kurɓi kunun gyaɗa kaɗan, bakinta ya kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar muka isa asibiti a Kaura. Likita ya ce ko a cokali kada ta taɓa. Da na gaya wa Inna a waya, cewa ta yi sangartar yaran zamani ce. Shi ya sa na zo da Ummi cike da fargaba.

Sai ga sabon turmi a tsakar gida, da sabuwar tukunya.

Na ce, "Inna, ina kayan sana'arki?"

Ta ce, "Suna gidan ƙanwata, can nika aikin yanzu, in yi wanka in sake zane kafin in dawo. Na tambayi malamar asibitinmu, ta ce abin ga na kisa. Maƙwabta ma duk na bi su, ba mai miƙa mata tsire ko ƙuli. Ki sake ta, takwarata gida ta zo."

Hawaye suka zubo min. Ranar na bar Ummi ta yi ta yawo ɗaki-ɗaki ban bi bayanta ba, karon farko tun bara.

Ashe fargaba ma tana sauƙi in an taya ka ɗauka. Masu yara irin tawa, wa ya tsaya muku?