Ƙarfen da Kaka Take Shayarwa

Duk sanda ruwa ya taɓa busasshiyar baƙar ƙasa, ƙanshin nan ya tashi, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Rufa'a. Sai in ga Kaka, mahaifiyar babana, ta sunkuya da buta a gindin dogon yaro.

Tana da wani ɗan rediyo da mijinta ya bar mata. Kafin ya rasu ya ɗaura masa waya biyu. Ɗaya ta hau bishiyar har ƙololuwa, ɗayar ta gangara zuwa wani guntun ƙarfe da ya kafa a ƙasa. Bayan la'asar ake kama wata tashar Hausa daga nesa. Mu yara Larabci ya fi zama a bakinmu, don haka rabin awar nan ce kaɗai Kaka take jin baƙon mutum yana magana da harshen da iyayenta suka taho da shi daga yamma.

Kullum idan ta gama alwala, sai ta juye sauran ruwan a gindin ƙarfen. Takan ce shi ma yana jin ƙishirwa. Da rani, lokacin da ƙasa ke tsagewa har hannu ya shige, muryar takan shaƙe kamar daga cikin rijiya. Ta zuba ruwa, muryar ta matso. Da damina kuwa ba a buƙatar buta.

Ina shekara goma sha ɗaya Baffa, ƙanen babana, ya dawo daga karatu a birni. Ya ga abin, ransa ya ɓaci. Ya ce camfi ne, za a ce a gidanmu ana yi wa ƙarfe hidima. Ya tumɓuke shi ya jefa bayan garken awaki. Kwana uku Kaka tana murɗa rediyon, ba abin da ke fita sai shuuu. A rana ta huɗu ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta zauna a bakin angarib, gadonta na igiya, tana kallon bango.

Ni yarinya ce mai shiru, wadda ake aika ɗebo ruwa a tur'a, magudanar ban-ruwan gonaki, ta tsaya kallon balbela. Amma ranar na tono ƙarfen daga cikin kashin awaki. Ban ɓoye ba. Baffa yana zaune a inuwar rakuba, rumfar tsakar gida, yana shan gahawarsa ta jabana na kafa ƙarfen, ina bugawa da dutsen niƙa.

“Ke, wa ya aike ki?”

“Ba kowa, Baffa. Ka saurara kawai.”

Na ɗaura wayar, na kunna. Murya can ƙasa-ƙasa. Na juye buta guda. Kafin ƙasa ta gama shanyewa mutumin rediyon ya fito sarai, kamar yana zaune cikinmu. Baffa ya ce dace ne. Kaka ta gyara zama, ba ta ko dube shi ba.

“Kai ma da ruwa na raine ka, ba a ce na yi camfi ba.”

Ya ce in kawo masa hujja daga littafi, in ba haka ba zai sake cirewa. Ba ni da littafi. Na ce zan kawo, kuma kafin nan ni zan riƙa zubawa. Bai sake taɓa ƙarfen ba, bai kuma yarda ba.

Shekara tara na yi kafin na sami hujjar, a ajin jami'a. Malami ya rubuta lissafai huɗu a allo, ya ce duk labarin haske da rediyo yana cikinsu: lantarki mai canzawa yana haifar da maganaɗisu, maganaɗisu mai canzawa yana haifar da lantarki, suna ta miƙa wa juna har su bar wayar su kama hanya. Dokar da ta sa waya ke aikawa, ita ce ta sa waya ke karɓa. Sannan ya zana waya a tsaye, ya ja layin ƙasa, ya zana wata a ƙarƙashi a kife. Ya ce wayar tsaye rabi ce kawai. Ƙasar da lantarki ke ratsawa cikin sauƙi takan zama mata madubi, ta ba ta ɗaya rabin. Busasshiyar ƙasa madubi ne mai dushu-dushu, jiƙaƙƙiya ta fi ta nesa ba kusa ba. Na kifa kaina a kan teburi. Kaka ta shekara biyu da rasuwa.

Yanzu ni nake koyar da wannan darasi, kuma da buta nake farawa kafin alli. Bara na je gida da littafin hujjar a jaka. Kowa da wayar hannu, jikokin gidan ba sa amsa gaisuwa da Hausa. Na sami Baffa, gemu ya yi fari, a gindin dogon yaro, rediyon Kaka a cinyarsa yana magana. Ƙasar da ke kewaye da ƙarfen a jiƙe take.

Ya ga inda idona ya tsaya.

“Buta ce ta zube,” in ji shi.

Na bar littafin a jaka. Na ɗauki butar na ƙara wa ƙarfen ruwa.